Na Jefa Muryar Yahaya a Kogo

Wannan kashin na fi sati biyu ina ɗaga shi. In buɗe, in rubuta layi uku, in goge, in tashi in wanke kwanon da ba shi da dauɗa. Masu cewa Zinariya ta cika jan rai, ku yi haƙuri, ba jan rai ba ne, kunya ce ta riƙe mini hannu. Yau dai zan faɗa, kuma duk wadda ta zage ni ba zan ce ta zalunce ni ba.

Shekarar dubu biyu da goma ce, wata uku da sojoji suka karɓi mulki. Damanar da ta wuce ba ta yi albarka ba. Kalmar yunwa, wadda a da ma'aikaci sai ya waiwaya kafin ya furta ta a biro, wato ofis, ta zama ita rediyo ke buɗe labarai da ita. Kogi ya janye har ana hangen tsibiran yashi daga kan gada, masu lambun Gudel suna bin ruwa da tiyo kullum yana ƙara yi musu nisa. Mu a unguwar Maure ta Yamai ba mu rasa tuwo ba, amma ba a yin hantsi ba a yi mana sallama sau huɗu ba, mata daga ƙauye da goyo, suna neman wanki ko daka. Ga zafi irin na watan biyar, wanda ko fanka ta kaɗa sai ka ji kamar ana hura maka wutar murhu.

Baba da ya gama aikin gwamnati ya fasa bangon zaurenmu ya mai da shi shagon buga takardu. Kwamfutar tebur guda ce a ciki, irin mai ƙatuwar ƙeyar nan, da lasifika biyu ƙanana, da mikro mai dogon wuya. Ni ke zama a gabanta daga safe zuwa magariba. Na san cikinta fiye da yadda na san akwatin kayana, kuma babu mai taɓa ta in ba ni ba, sai Baba in zai saurari karatun Alƙur'ani bayan la'asar, shi ma faifai kawai yake turawa.

A shagon nan na fara ganin Yahaya, shekara biyu kafin lokacin da nake ba ku labari. Dogo, siriri, rigarsa a goge tsaf, ya shigo da littafin kammala karatunsa na likitan dabbobi, rubutun hannu. Bai ce mini komai ba, sai ya miƙo guntuwar takarda: kwafi biyu, don Allah, zuwa Litinin. Na ce a raina ga wani mai girman kan ya zo. Sai ran da ya zo karɓa ya buɗe baki zai yi godiya, maganar ta tsaya masa a maƙogwaro. Idonsa ya rufe, jijiyar wuyansa ta miƙe, "na" ɗin nan ta fito ta fi sau shida kafin "gode" ta biyo ta. In'ina gare shi, ba kaɗan ba. Na sunkuyar da kai ina gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Da yamma saƙonsa na farko ya shigo, lambar tana jikin allon shagon:

"Malama, godiyar ɗazu ta yi tsawo. Ga gajeruwarta: na gode. Yahaya."

Daga nan aka fara. Ku da kuka tashi da wayoyin shafa ba za ku gane ba. Wayata saƙo talatin kawai take riƙewa, sai in kwafe nasa a bayan kaye, wato littafin rubutu, na lissafin ƙanwar ƙawata kafin in goge. Yahaya in ya riƙe alƙalami ko madannin waya babu mai kama ƙafarsa. In muna zaune mu biyu a bencin ƙofar gida ma bakinsa yana sakewa, sai jefi-jefi yake tuntuɓe. Amma gaban manya, ko a waya da baƙo, abin ya kan kama shi har sai ka ji tausayi ya sa kana neman wajen kallo. Saboda haka a gidanmu ba a san shi da komai ba sai yaro mai kunya. Ya durƙusa, ya ce "ina wuni" ƙasa-ƙasa, Baba ya amsa, shi ke nan. Ni kuwa ban taɓa gyara musu fahimta ba.

Da abin ya tsananta a daji, furojen da yake wa aiki, wani shirin agaji, ya tura shi can arewa da Dakoro. Suna sayen shanun da rama ta kayar, su yanka, su shanya naman, a raba wa mutane. Wurin babu rezo, wato layin salula, sai in ya shigo gari ranar kasuwa saƙonninsa su zubo mini guda goma a jere. Amma a sansaninsu akwai faranti irin na tauraron ɗan'adam da kwamfuta ɗaya, ana ba kowane ma'aikaci rabin awa a yini. A nan muke rubuta wa juna.

Danginsa na Damagaram sun aiko sau biyu suna neman a ba su ranar zuwa. Amma a gidanmu uba ba ya ba da 'yarsa, ɗan'uwansa ke bayarwa. Baba ya ce musu shi ba shi da ta cewa, maganar tana hannun yayansa, Baffa Hamidu na Tawa. To ga Baffa Allah ya kawo Yamai, ya zo neman dusa da ƙwayar auduga don ragowar shanunsa, kuma ranar Asabar zai koma. Da Baba ya gabatar masa da zancen, sai ya ce shi ba zai shimfiɗa wa magabatan kowa tabarma ba sai ya ji bakin yaron da kunnensa.

Bari in gaya muku waye Baffa. Mutum ne mai rawani fari da sanda, wanda in ya fara gaisuwa da maƙwabci shayi kan huce a kofi. Shi ya sallami saurayin yayata Rabi na farko, don kawai yaron ya gaishe shi a tsaye, ya kuma datse gaisuwar tun ba a kai ga tambayar iyali ba. Rabi ta yi kukan sati, ba abin da ya sauya. Inna kuma ta riga ta kira ni ɗaki, tana ninke zannuwa ba ta ko kalle ni ba, ta ce shekarata ashirin da shida, ta gaji da amsa tambayar mata a gidan suna. In Baffa ya hau mota bai ce to ba, a rufe maganar Yahaya, akwai ɗan ƙawarta da ke aiki a duwan, wato kwastan, yana jira.

Aka sa ranar Alhamis da hantsi, za a kira shi ta kwamfuta.

Tun Laraba na kasa zama wuri ɗaya. Na buga wa wani tsoho wasiƙar neman taimako na sa masa sunan wani gari daban. Na zuba sukari a miyar Inna. Abin da nake gani kawai shi ne Baffa ya ce "ina kwana", Yahaya ya maƙale a "lafiya", Baffa ya juyo ya dubi Baba, Inna a bayan labule ta ja tsaki.

Da sassafe ranar Alhamis, kafin a buɗe shago, na zauna gaban kwamfutar na shiga wurin saitin sauti. Ga waɗanda ba su sani ba, ƙofa biyu ce. Ɗaya ta shigar murya, wato mikro, mai wayar da ake sokawa a rami mai ruwan hoda. Ɗaya ta fitar murya, wato lasifika, mai rami kore. Ta shiga ban taɓa ta ba, ina son Yahaya ya ji Baffa sarai. Ta fita na buɗe. A cikinta akwai wani jeri da na taɓa ganowa ina wasa da waƙa, inda za ka sa sauti ya fito kamar a banɗaki, ko a babban zauren taro, ko a ƙarƙashin ruwa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Can ƙasa na ga wanda aka rubuta wa "Grotte", kogo ke nan. Na danna, na sa waƙa, sai ga kowace kalma tana fita tana dawowa sau uku tana hawa kan 'yar'uwarta.

Na ce alhamdu lillahi. Ku ji fa, har da godiya ga Allah. Lissafina shi ne, in kowace kalma tana maimaita kanta, wa zai gane wadda Yahaya ya maimaita? Baffa zai ji muryar yaro mai ladabi a kan layi marar kyau, ya gaji, ya ce to na ji, Allah ya sanya alheri. Na gaya wa kaina rufa masa asiri nake yi, kuma a lokacin na yarda da kaina.

Na yi wanka, na sa bazan ɗina, shadda shuɗiya mai aikin farin zare a wuya, na ɗaura ɗankwali na rufa mayafi har goshi, don Baffa ba ya son ganin gashi. Na share shagon, na ɗauko kujerar roba mai hannu na shimfiɗa mata darduma. Baffa ya shigo da babbar riga ruwan ƙasa, ya jingina sandarsa da tebur, ya dubi mikro ɗin kamar mai duban akuyar da ake son sayar masa da tsada. Baba ya tsaya a bakin ƙofa. Inna tana bayan labulen da ya raba shago da tsakar gida, ina ganin yatsun ƙafarta.

Kiran ya shiga. Baffa ya yi sallama, ya soma gaisuwa. Abin da ya fito daga lasifikan nan, ni kaina da na ƙulla shi sai da tsigar jikina ta tashi. Murya ce dai ta Yahaya, amma a farfashe, tana bugun bango tana dawowa, ba ka raba farkon kalma da ƙarshenta. Baffa ya karkata kunne, ya sake tambaya, ya sake karkatawa. Ya yi haƙurin minti goma.

"Wanga yaro cikin rijiya yake?"

"Rezo ne, Baffa," na ce. "Wurin nasu daji ne."

Baba ya ce kala suru, irin ta maƙwabtanmu Zabarmawa, wato sai haƙuri. Na jira Baffa ya ce to na ji. Bai ce ba. Ya ɗauki sandarsa ya ce shi bai ji komai ba, kuma ba ya yanke magana a kan abin da bai ji ba. A sake gwadawa gobe bayan an sauko daga Juma'a. In layin ya sake ƙi, sai a bar zancen har Allah ya haɗa fuskoki. Ya fita. Yatsun ƙafar Inna suka bar bayan labule.

Na rubuta wa Yahaya cewa layi ne ya lalace, ba mu jin sa. Yatsuna ko rawa ba su yi ba, wannan ma yana cikin abin da ke ba ni kunya. Sauran minti goma sha biyar a rabin awarsa, sai ga amsa tana shigowa layi-layi:

"Ni ina jin ku tangaram, har kukan tantabarun gidanku. In ni ina ji, ku ba ku ji, ba layi ba ne, wajen fitar murya ne a naku ɓangaren."

"Ki duba wayar lasifika ko ta shiga ramin kore sosai. Ki shiga saitin sauti, ki ga ko an zaɓi lasifikar da ta dace. Sannan ki duba ko wani ya kunna irin kwalliyar sautin nan, yara kan yi wasa da ita."

Yara! Ina zaune ina karanta yadda mutumin nan yake koya mini, a hankali, mataki-mataki, yadda zan gyara abin da na ɓata da hannuna. Sai ya ƙara:

"Kwana uku ina gaida tankin ruwa a bayan sansani, ina kiransa Baba. Direbanmu ya ɗauka zafi ne ya taɓa ni. Zinariya, ina son ya ji ni yadda nake. Gobe in na tsaya, kada ki ƙarasa mini. Ki bar ni, zan iso."

Lokacinsa ya ƙare, sunansa ya dushe a allo. Na zauna ina kallon wurin har wata mata ta buga tebur ta ce ko ba a yin fotokwafi yau.

Yanzu ga wautar. Duk wayon nan nawa, na manta ban fitar da kwamfutar daga kogo ba. Aka yi la'asar, Baba ya shigo da faifansa kamar kullum, Baffa na biye da shi da butar shayi. Ni ina tsakar gida ina tsince shinkafa. Sai na ji bisimillar malam ta tashi, ta dawo, ta sake dawowa, ayoyi suna karo da juna. Farantin ya kusa suɓuce mini.

Baba ya ƙwala mini kira. Na shiga na same su tsaye, Baba ransa a ɓace don abin ya taɓa karatu. Baffa kuwa a natse ya tambaye ni ko shi ma malamin daji ya tafi.

Da na yi hankali, da na ɗan yi lalube. In duba waya, in kashe in kunna, in ce sai an kira mai gyara. Amma ruɗewa ta sa hannuna ya tafi kai tsaye. Danna biyu, karatu ya dawo garau. Baba ya ce madalla, ya zauna. Baffa bai zauna ba. Ya dubi hannuna a kan linzamin kwamfutar, ya dubi fuskata, ya ce ashe abin ba shi da wuya. Daga nan ya tsiyaya shayinsa.

Ranar Juma'a na tashi da ciwon kai. Ban taɓa roƙon Allah a ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ba sai ranar. A watan nan kullum sai an ɗauke mana tun kafin azahar, amma yau fanka sai juyawa take kamar an biya ta. Na shiga shago na fita ya fi sau goma. Na tsaya a bayan kwamfutar ina kallon wayar lasifika. In na zare ta rabi, sauti zai riƙa tsinkewa, kuma babu jerin da zai tona ni. Na sa hannu har na taɓa ta. Sai na tuna tankin ruwa, da mutum tsaye a rana yana ce masa Baba. Na tura wayar ciki har ta yi ƙas. Na shiga saitin na duba komai: fita a kan lasifika, babu kwalliyar komai, shiga a kan mikro, na ɗaga ƙarfinsa. Na ce "assalamu alaikum" a bakinsa na ji ta dawo mini daidai. Ban yi don jarumta ba, na yi ne don dabara ta ƙare mini.

Ko kwalliya ban yi ba. Atamfar da na kwana da ita a raina ban sa ba, tsohuwar doguwar riga na zura da hijabin Inna. Maza suka sauko daga masallaci, Baffa yana ƙamshin turaren Juma'a, ya zauna a kujerar jiya. Baba a ƙofa. Yatsun Inna a bayan labule.

Muryar Yahaya ta fito kamar yana zaune a kan tebur ɗin. Sallama ta wuce lafiya, har na saki numfashi. Baffa ya ce ina wuni, ina gajiya.

"L-l-l-l…"

Ya tsaya. Ina jin numfashinsa, ina jin iskar daji tana bugun mikro ɗinsu. Na san yanzu idonsa a rufe yake, jijiyar nan ta miƙe. Bayan labule na ji Inna ta ce "iye?" ƙasa-ƙasa. Kalmar tana bakina, lafiya lau, lafiya lau, har leɓena ya motsa. Baffa bai dube ni ba, tafin hannunsa kawai ya ɗaga ta wajena, ya bar shi a sama.

"…lafiya lau, Baba."

Baffa ya sauke hannu, ya ci gaba. Bai rage masa ko ɗaya ba. Ina aiki, ina zafi, ina mutanen Damagaram, ina labarin ruwa, ina haƙuri da daji. Kowace tambaya sai Yahaya ya hau ta da ƙyar kamar mai hawa tudu da kaya, kuma kowace sai ya kai. Gaisuwar da kan ci minti biyu ta ci goma. Gumi ya jiƙa mini hijabi. Baffa kuwa ko gyara zama bai yi ba, ya dafa sandarsa ya sunkuyar da kai, yadda yake yi in liman yana huɗuba.

Da aka gama gaisuwa na ɗauka zai tambayi asali da albashi. Sai ya shiga zancen shanu. Ya ce cikin arba'in saura masa goma sha ɗaya, huɗu ba su tashi sai an ɗaga su. Ya yi kwana shida a Yamai yana bin biro-biro, kowa yana ce masa dusa tana hanya. Ya ce kai da kake cikin abin, ka gaya mini, za ta iso mu kafin ruwa ya sauka?

Na san amsar da ake ba tsoho, kuma surukin da ake neman yardarsa. In sha Allahu, Baba. Kalma uku, kuma Yahaya ba ya maƙalewa a in sha Allahu. Amma sai na ji ya ja numfashi.

"B-b-ba zan yi maka ƙ-ƙarya ba, Baba. Ba za ta k-kai ba."

Ya ɗauki lokaci mai tsawo yana bayani, yana faɗuwa yana tashi. Huɗun nan a yanka su yanzu tun da sauran nama a jikinsu. A sayar da uku a ciyar da huɗu. Kuma ran da ruwan farko ya sauka kada a sake su su cika ciki da ɗanyen tsiro, don a nan ake rasa waɗanda suka tsallake rani. Na ga Baffa ya sa gefen rawaninsa ya goge ido, abin da ban taɓa gani ba tun da nake. Ya ce kwana shida, sai yau wani ya gaya masa gaskiya.

Daɗi ya kama ni. Na dubi Baba, yana murmushi. Na ce a raina an gama, Asabar ta zo ta same mu.

"Yaro," in ji Baffa, "kai na ji ka, kuma na yarda da kai. Amma kada magabatanka su taso tukuna. Akwai magana tsakanina da ɗiyata."

Ya juyo da kujerar gaba ɗaya ya fuskance ni. Na miƙa hannu zan rufe mikro, don maganar gida ce. Ya ɗora sandarsa a kan tebur tsakanina da linzamin.

"Bar shi ya ji. Da shi aka yi."

Ya ce tun jiya ya san yaron yana da in'ina. Shi makiyayi ne, ya yi kira a cikin rijiya ya yi a tsakanin duwatsu, ya san amsa-kuwwa ba ta zaɓen kalma, kowace daidai take mayarwa. Jiya kuwa wata ta dawo sau uku, wata sau tara. Wannan bai dame shi ba, mahaifinsu shi da Baba ma haka ya yi fama da ita har ya koma ga Allah, kuma ba a taɓa yanke shawara a garinsu ba a jira ya ƙarasa ba. Na dubi Baba. Ya kau da kai. Ban taɓa sani ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

"Abin da ya hana ni kwana," Baffa ya ce, "hannunki na. Da munka kira ki jiya ba ki nema ba, kin san inda kinka aje abin. Ke kinka jefa shi rijiyar nan, Zinariya."

Fanka tana juyawa, wani mai kura yana wucewa a titi yana kiran a sayi ruwa.

"Rabin awa kinka kasa bari danginki su ji bakinshi. To aure ba rabin awa ba ne. Za ya yi magana gaban ƙawayenki, gaban ɗiyanku, gaban surukanku. Kullum kina da wurin da za ki danna? Ni ban ƙi shi ba. Ke nike tsoron in ba shi."

Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Ina son in ce don ina son sa na yi, don kada a wulaƙanta shi. Amma a tsaye a wurin na gane babu wanda ya yi niyyar wulaƙanta shi a ɗakin nan. Ni ce na ji kunyarsa. Shekara biyu ina kwafe saƙonninsa a kaye ina nuna wa ƙawaye, ban taɓa bari ɗaya daga cikinsu ta zauna da shi ba.

Lasifikar ta yi ɗan ƙara. Yana nan, bai kashe ba.

"Z-z-z…"

Sunana ne, kuma bai taɓa yi masa wuya irin ta yau ba. Muka jira, ni da Baba da Baffa da Inna, wadda yanzu ta ɗaga labulen ta tsaya a fili.

"…Zinariya. K-ke ce?"

Babu faɗa a muryar. Tambaya ce kawai, irin ta mutumin da yake fatan a ce masa a'a.

Na matso bakin mikro. Na buɗe baki, "ni" ɗin ta zo har kan harshena ta tsaya. Na sake gwadawa, iska kawai ta fito. Baba ya yunƙura zai ce wani abu, Baffa ya ɗaga masa tafin hannu. A can daji kuma, mutumin da ya fi kowa sanin yadda abin nan yake, bai katse ni ba, bai ƙarasa mini ba. Saura minti huɗu a rabin awarsa, ya yi shiru yana jirana.